Kotun Soja da Yaƙi da Ta'addanci: Tambayoyi da Amsoshi ga Al'ummar Zango

Waɗannan tambayoyi na tattaro su ne daga bakin mutanenmu na Nima da Mamobi da Sabon Zango a nan Ankara, babban birnin Gana, wasu a majalisar shayi bayan sallar isha'i, wasu a ƙofar masallaci, tun lokacin da hare-haren Burkina Faso suka fara kusanto iyakarmu ta arewa. Na yi shekaru ina aikin tafinta a kotu, saboda haka amsoshin sun haɗa abin da doka ta tanada da abin da idona ya gani. Matsayina shi ne, muddin kotunan farar hula suna buɗe, can ya kamata a kai duk farar hular da ake zargi da ta'addanci, komai munin abin da ake tuhumarsa da shi.

Mece ce kotun soja, kuma da me ta bambanta da kotun da muka sani?

Abu biyu ake kira da wannan suna. Na farko shi ne kotun da sojoji suke hukunta junansu a kan laifin aikin soja, kamar bore ko gudu daga fagen daga ko ƙin bin umarni, kuma babu mai jayayya da ita, domin wanda ya sa kaki ya amince da dokar kaki. Na biyu shi ne kotu ta musamman da gwamnati kan kafa lokacin yaƙi don ta gurfanar da mutanen da ba sojojinta ba, kuma a kanta ake ta ce-ce-ku-ce. A irin wannan kotu hafsoshi ne masu yanke hukunci, ana sassauta ƙa'idar karɓar shaida, ana iya ɓoye wa wanda ake tuhuma wasu hujjoji, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara takan ƙuntata. Alƙalin babbar kotu ba a iya tsige shi don kawai hukuncinsa bai yi wa gwamnati daɗi ba, amma hafsa yana da na gaba da shi, kuma ƙarin girmansa yana hannun waɗanda suka kawo ƙarar.

Yaushe wannan muhawara ta taso a yaƙin da ake yi da ta'addanci?

Bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya hallaka mutane kusan 3,000 a Amurka, majalisar ƙasar ta ba Shugaba George Bush izinin amfani da ƙarfin soja a kan waɗanda suka kitsa harin. Ranar 13 ga Nuwamba na shekarar ya sa hannu a wani umarni wanda ya ba shi ikon tsare baƙi da gurfanar da su gaban kotun soja. A watan Janairu 2002 aka fara sauke fursunoni a sansanin Guwantanamo, wani yanki na tsibirin Kuba da Amurka take riƙe da shi tun 1903. An zaɓi wurin ne bisa lissafin cewa tun da ba ƙasar Amurka ba ce, hannun kotunanta ba zai kai can ba. Mutane kusan 780 ne suka bi ta sansanin, kuma mafi yawansu an sake su ba tare da an taɓa tuhumarsu da komai ba.

Shin Amurka tana da tarihin yin haka, ko Bush ne ya ƙirƙiro shi?

Tana da tarihi iri biyu, kuma kowane ɓangare yana kafa hujja da wanda ya yi masa daɗi. Lokacin yaƙin basasa kotun soja ta yanke wa wani lauya mai suna Lambdin Milligan hukuncin rataya a jihar Indiyana. A 1866 Kotun Ƙoli ta soke hukuncin, ta ce ba a gurfanar da farar hula gaban soja a inda kotunan farar hula suke buɗe suna aiki. Amma a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka sauke mutane takwas a gaɓar Amurka da nufin yin ɓarna. Shugaba Roosevelt ya kafa musu kotun soja, Kotun Ƙoli ta amince, aka kashe shida daga cikinsu ranar 8 ga Agusta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikakken bayanin dalilan kotun bai fito ba sai watan Oktoba, mutanen suna kabari. Alƙalan da suka zauna rubuta dalili bayan an riga an zartar da kisa, yaya za su rubuta cewa an yi kuskure? Wannan shari'a ce lauyoyin Bush suka dogara da ita.

Me Kotun Ƙolin Amurka ta ce game da Guwantanamo?

Ta taka wa gwamnati burki a shekaru uku daban-daban. A 2004 ta ce fursunonin suna da damar kai kuka kotun tarayya, kuma a shari'ar Yaser Hamdi, ɗan ƙasar Amurka da aka tsare, mai shari'a Sandra Day O'Connor ta bayyana cewa halin yaƙi ba ya ba shugaban ƙasa damar yin yadda ya ga dama da haƙƙin 'yan ƙasa. A 2006, a shari'ar Salim Hamdan, ɗan Yaman da ya yi wa Usama bin Ladan direba, kotun ta ce kotunan da Bush ya kafa sun saɓa wa dokar sojan Amurka da sashe na 3 na yarjejeniyoyin Janiba, waɗanda suka tsara dokokin yaƙi na duniya. Majalisa ta yi maza ta kafa doka a shekarar don ta halatta su, ta kuma toshe hanyar ƙalubalantar tsarewa, sai kotun ta sake cewa a 2008, a shari'ar Lakhdar Boumediene, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, majalisa ba ta da ikon toshe wannan hanya haka kawai. Shi Hamdan, da aka yi masa shari'ar, hafsoshin sun wanke shi daga zargin haɗa baki, suka yanke masa wata 66 a kan tallafa wa ta'addanci, kuma a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan ma.

Malam, ai kotun farar hula tana da jan ƙafa. Kotun soja ba ta fi sauri ba?

Wannan ita ce hujjar da na fi ji, kuma na fahimci dalilinta, domin duk wanda ya taɓa zaman jiran shari'ar fili a ƙasar nan ya san ɗacin ɗage zama. Sai dai a wannan batu sauri ya haifi nawa. An kama Khalid Sheikh Mohammed, wanda ake zargi da tsara harin Satumba, a Rawalpindi ta Pakistan a watan Maris 2003. An gabatar da shi gaban kotun soja a 2008, aka sake gabatar da shi a 2012, aka shafe shekaru fiye da goma ana gardamar share fage. A ƙarshen Yuli 2024 aka sanar da cewa zai amsa laifi a ɗauke masa hukuncin kisa, bayan kwana biyu sakataren tsaro Lloyd Austin ya janye yarjejeniyar. Iyayen da suka rasa 'ya'yansu a harin, da yawa sun mutu suna jiran hukunci. Babban abin da ya maƙale shari'ar shi ne azaba, domin jami'an hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA sun yi wa mutumin azabar shaƙewa da ruwa sau 183, kuma duk maganar da ta fito daga bakinsa bayan haka sai an yi gardama ko ta halatta a matsayin shaida.

A kwatanta da Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan Nijeriya wanda ya sayi tikitinsa a nan Ankara a Disamba 2009, ya yi yunƙurin tayar da bam a jirgin da ya nufi Detroit ranar Kirsimeti. Kotun tarayya ta farar hula aka kai shi, ya amsa laifi a Oktoba 2011, aka yanke masa ɗaurin rai da rai a Fabrairu 2012. Haka Ahmed Ghailani, ɗan Tanzaniya da ake zargi a harin ofisoshin jakadancin Amurka na Nairobi da Darussalam na 1998, inda mutane 224 suka mutu. An ɗauko shi daga Guwantanamo zuwa kotun New York, alƙali ya hana wani babban mai shaida magana saboda ta hanyar tursasawa aka gano shi, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga tuhuma fiye da 280, suka kama shi da ɗaya, kuma a kan ɗayar aka ɗaure shi rai da rai a 2011. Kotunan tarayya sun hukunta ɗaruruwan mutane a kan ta'addanci tun 2001, alhali waɗanda kotunan Guwantanamo suka hukunta ba su kai ashirin ba.

Me kundin tsarin mulkin Gana ya ce?

Kundin 1992 ya danƙa ikon shari'a a hannun ɓangaren shari'a, kuma sashe na 125 ya hana shugaban ƙasa ko majalisa riƙe ikon yanke hukunci na ƙarshe. Sashe na 19 ya ba majalisa damar kafa kotun soja, amma don laifin dokar soja da waɗanda suke ƙarƙashin dokar soja suka aikata. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2008 babbar kotu ta ba hurumin shari'ar. Ko an kafa dokar ta-ɓaci, sashe na 32 ya wajabta a ba wanda aka tsare dalilan tsare shi a rubuce cikin awa 24, kuma alƙalan manyan kotuna aƙalla uku su duba lamarinsa cikin kwana goma. Mun ma ga misali kusa, domin waɗanda aka kama a 2019 da zargin shirya juyin mulki, har da sojoji a cikinsu, babbar kotu mai alƙalai uku ce ta yi musu shari'a a bainar jama'a, kuma a Janairu 2024 ta kama shida da laifi ta sallami uku.

Mun taɓa ganin kotu ta musamman a ƙasar nan?

Mun gani, kuma dattawanmu ba su manta ba. A watan Agusta 1962 aka jefa wa Shugaba Kwame Nkrumah gurneti a Kulungugu kusa da Bawku, yana dawowa daga ganawa da shugaban ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. Ta'addanci ne na gaske, an zubar da jini. Aka gurfanar da Tawia Adamafio da Ako Adjei da Coffie Crabbe, na hannun daman Nkrumah, gaban kotu ta musamman, kuma a Disamba 1963 kotun ta wanke su saboda hujja ba ta isa ba. Nkrumah ya sauke Alƙalin Alƙalai Arku Korsah, aka soke hukuncin, aka sake shari'a, aka yanke musu kisa, daga baya aka mayar da shi ɗauri. J. B. Danquah, lauya kuma ɗan adawa, wanda ya ƙalubalanci dokar tsarewa ba shari'a ta 1958 a shari'ar Baffour Akoto, a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965 ƙarƙashin wannan dokar.

Sai 1979, lokacin da aka harbe manyan hafsoshi takwas a filin harbi na Teshie, cikinsu har da tsofaffin shugabannin ƙasa uku, Acheampong da Akuffo da Afrifa, ba tare da wata shari'a da jama'a suka gani ba. Mutane da yawa sun yi tafi a lokacin, domin yunwa da kalabule, wato ɓoye kaya da cin ƙazamar riba, sun kai su maƙura. Iyalan mamatan ba su karɓi gawarwakin ba sai 2001. A 1982 aka kafa kotunan jama'a waɗanda ƙungiyar lauyoyi ta ƙaurace musu, kuma ranar 30 ga Yuni na shekarar aka sace alƙalan babbar kotu uku da wani tsohon manjo aka kashe su. Waɗanda suka rubuta kundin 1992 sun rayu cikin waɗannan shekaru, shi ya sa suka ɗaure hannun gwamnati yadda suka ɗaure.

Ina labarin mutane biyun nan da aka kawo mana daga Guwantanamo?

A Janairu 2016, zamanin mulkin John Mahama na farko, aka kawo 'yan Yaman biyu, Mahmud Umar Bin Atef da Khalid Al-Dhuby, bayan sun shafe kusan shekara 14 a tsare ba a tuhume su ba. Ƙasa ta ɗauki zafi, wasu shugabannin addini suka ce a mayar da su, wasu suka ce a ji tausayinsu. 'Yan ƙasa biyu suka kai ƙara, kuma a Yuni 2017 Kotun Ƙoli ta ce yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da Amurka a kansu ta saɓa wa sashe na 75 na kundin tsarin mulki tun da majalisa ba ta amince da ita ba, ta ba da wata uku a gyara, majalisa ta amince daga baya. Duk gardamar da muka yi a Nima a kan ko mutanen nan masu haɗari ne, babu wanda ya iya rufe bakin wani, domin babu kotun da ta taɓa auna hujjar da ake da ita a kansu.

Idan bayyana hujja a fili zai tona asirin jami'an leƙen asiri fa?

Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma kotun farar hula tana da maganinta, domin alƙali yana iya rufe wani ɓangare na zama ko ya sakaya sunan mai shaida. Abin da ba ya halatta shi ne a hukunta mutum da hujjar da shi da lauyansa ba su sami damar tankawa ba.

Na taɓa yin tafinta a shari'ar wani saurayi ɗan kasuwa da aka kama saboda wata magana da aka naɗa a wayarsa. An ji shi yana cewa kaya sun tsallako iyaka, a shirya yara su sauke da dare kafin gari ya waye. Wanda ya fara juya maganar zuwa Turanci ya rubuta ta yadda duk mai karatu zai ɗauka makamai ne da mayaƙa. Saurayin yana tsaye cikin akwati, leɓɓansa sun bushe, mahaifiyarsa tana bayan kotu da carbi a hannu. Lauyansa ya nemi a kunna maganar tun daga farko, aka kunna, sai ga shi kafin wurin da aka yanko suna ciniki a kan buhu arba'in na albasa daga Nijar, yaran kuwa 'yan dako ne. Alƙali ya juyo ya tambaye ni ma'anar kaya a bakin ɗan kasuwa, na faɗa masa. Da a ɗakin da ba lauya aka karanta wannan takarda, ban ga abin da zai fitar da yaron ba.

Malam, mutumin da ya yanka bayin Allah a masallaci ko a kasuwa, wane haƙƙi ya rage masa?

Wata Hajiya da ta rasa ɗan'uwa a arewa maso gabashin Nijeriya ce ta yi mini wannan tambaya, idonta cike da hawaye, kuma ban ga laifinta ba. Na ce mata, Hajiya, wanda ya aikata haka ya cancanci hukunci mafi tsanani da doka ta tanada. Amma kafin hukunci akwai tambayar da sai an amsa, wato shin wannan da aka kamo shi ne ya aikata? Shari'a ita ce hanyar amsa ta, kuma wanda ta fi karewa shi ne marar laifin da aka kamo bisa kuskure. Idan aka kashe wanda bai ji ba bai gani ba, mai laifin yana nan yana yawo, kuma an ƙara wa 'yan ta'adda dangin mamacin da za su zuga.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba a nan. A suratul Ma'ida, aya ta 8, Allah Ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce hujja tana kan mai ƙara, kuma ana kawar da haddi idan akwai shubuha, kuma mafi yawansu ba sa karɓar iƙirarin da aka samo da duka. Fursunonin Badar mutane ne da suka zo da takobi don su kashe Musulmi, duk da haka an ciyar da su, wasunsu ma sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. A tuna kuma da Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram, wanda aka kashe a hannun 'yan sanda a Maiduguri a Yuli 2009 ba tare da shari'a ba. Da an gurfanar da shi, da duniya ta ji su wane ne suka tallafa masa, kuma da mabiyansa ba su sami gawar da za su riƙa yi wa matasa wa'azi da ita ba.

To wanda aka kama a fagen daga da bindiga a hannu fa?

Nan ne masu goyon bayan kotun soja suka fi ƙarfi, kuma dole a ba su gaskiyarsu. Sojan da ake harbi ba shi da lokacin tattara kwanson harsashi ko rubuta sunayen shaidu, kuma babu mai hankalin da zai ce a saki mayaƙi ya koma daji don takarda ba ta cika ba. Dokar yaƙi ta yarda a tsare mayaƙi har faɗa ya ƙare. Matsalar ita ce yaƙi da ta'addanci ba shi da ranar sa hannu a sulhu, saboda haka tsarewar tana iya zama ɗaurin rai da rai ba hukunci. Ga kuma cewa da yawa daga waɗanda aka kai Guwantanamo ba a fagen daga aka kama su ba, miƙa su aka yi lokacin da ake biyan lada a kan kowane kai. Abin da nake gani shi ne soja ya kama ya tsare na ɗan lokaci, sannan alƙali mai zaman kansa ya riƙa duba dalilin tsarewar a kai a kai. Nijeriya ta gwada wani abu kusa da haka daga 2017, inda alƙalan babbar kotun tarayya suka zauna a barikin Kainji. An soki shari'ar da gaggawa da ƙarancin lauyoyi, amma ta sallami ɗaruruwan mutane da suka shekara a tsare babu hujja a kansu.

Yaya sauran ƙasashe suka yi?

Pakistan ta gyara kundinta a Janairu 2015 bayan kisan ɗalibai a makarantar Peshawar, ta ba kotun soja hurumin shari'ar ta'addanci na wa'adin shekara biyu, da wa'adin ya cika aka ƙara. Kamaru ta ba kotun soja hurumin ta'addanci a dokar 2014 saboda Boko Haram, daga baya aka gurfanar da 'yan jarida da masu zanga-zanga da ita. Kotun Ƙolin Yuganda ta haramta gurfanar da farar hula gaban soja a Janairu 2025, cikin 'yan watanni majalisa ta kafa sabuwar dokar da ta maido da shi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka kuwa ta bayyana tun 2003 cewa kotun soja ba ta da hurumi a kan farar hula ko a wane hali.

Me ya sa wannan ya shafe mu mu 'yan Zango musamman?

Domin idan aka fara kame, sunayenmu da gemunmu da harshenmu da zirga-zirgarmu zuwa Nijar da Burkina su za a fara dubawa, makiyaya Fulani kuma sun riga sun san haka. Kakanninmu sun ga 1969, lokacin da aka ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, aka haɗa har da waɗanda aka haifa a nan. A Maris 2023, bayan an kashe wani soja a Ashaiman, sojoji sun shiga unguwar suka kwashe mutane 184, alhali waɗanda 'yan sanda suka kama daga baya da zargin kisan 'yan ƙalilan ne. Wannan ba ya ɗauke mana nauyin kai rahoton duk wanda muka ga yana jan yaranmu zuwa ga ɓarna, kuma mutum ya fi sakin jiki ya kai rahoto idan ya san gaban alƙali za a kai wanda ya ambata.

Idan aka kama ɗan'uwana da irin wannan zargi, me zan yi?

A rubuta rana da lokaci da wurin da aka kama shi, da inda aka ce za a kai shi, a nemi lauya nan take. Sashe na 14 na kundin tsarin mulki ya wajabta a gaya masa dalilin kamun cikin harshen da yake ji, a kuma kai shi gaban kotu cikin awa 48 ko a sake shi, kuma Kotun Ƙoli ta yanke a 2019 cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu suna cikin lissafin. Tun 2016 kotun ta soke dokar da ta hana beli a wasu laifuffuka, saboda haka alƙali yana da ikon sauraron neman beli ko da zargin ta'addanci ne, kodayake yana iya ƙi. Idan wa'adin ya wuce ba a gabatar da shi ba, lauya zai nemi babbar kotu ta umarci a kawo shi gabanta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je hukumar ba da tallafin shari'a ko ofishin CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, mafi kusa. A ja masa kunne kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa da Hausa ba, kuma ranar da aka shiga kotu ya buɗe baki ya nemi tafinta, domin kundin tsarin mulki ya ce kyauta za a ba shi.